Abin Da Ya Sa Wani Baho Ke Yin Shekaru, Wani Kuma Ba Ya Kai Damina

Cikin rigingimun da ake yi tsakanin mai sayar da robobi da masu sayen kayansa, babu wadda ta kai rigimar baho yawa. Mace ta saya ranar kasuwa, ta yi wanki sau uku ko huɗu, ta ɗauko shi cike da ruwa, sai ta ji "ƙas", gindi ya tsage. Ta dawo tana cewa an cuce ta, mai kaya kuma yana rantsuwa cewa haka ya saro shi, bai san hawa ba bai san sauka ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. Ga shi kuwa a gidan matar nan akwai tsohuwar jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, ta faɗo daga amalanke ya fi a ƙirga, yara sun ja ta a ƙasa, amma har yau ba ta yoyo. Baho da jarka duk roba muke kiran su. To me ya raba su?

Wannan tambaya ta shafi aljihunmu kai tsaye. Mafi yawan bokitai da butoci da kujeru da buhunan da ake kasawa a Matamaye da Kance da ƙauyukan da ke kewaye, daga masana'antun Kano suke fitowa, irin na Sharaɗa da Calawa da Bompai, su biyo ta Daura, su ƙetaro Kwangwalam da Ɗan Barto. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo baya a 2023, sun nuna wa kowa yadda muka rataya da wannan hanya. Kuma da zarar kaya sun ƙetaro, an biya mota an biya duwan, babu zancen mayar da su. In sun fashe, asarar tana kan ɗan kasuwa, ko a kuɗi ko a mutunci.

Amsar tana cikin jikin robar, inda ido ba ya gani. Kowace roba tarin zare ce. Ana ɗaukar wata iska da ake samu daga man fetur ko gas, mai suna etilen, a haɗa ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake zura duwatsun jigida, har su kai dubbai a zare guda. Wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger shi ya fara faɗin haka a 1920, abokan aikinsa suka daɗe ba su yarda ba, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan maganar. A yankinmu, kamfanin Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal yana yin ƙwayar robar da masana'antu ke narkarwa, matatar Dangote ta Legas ita ma ta fara nata a 2025. Matatarmu ta SORAZ da aka buɗe a 2011 fetur da gazuwal da gas take fitarwa, don haka robar da ke hannunmu baƙuwa ce tun daga tushe.

Yanzu mai karatu ya tuna da damin rake, tunda mu mutanen Matamaye ba za a koya mana shi ba. Rake miƙaƙƙe ne, in an jera shi sai ya kwanta jikin juna, a ɗaure, dami ya yi tauri kamar gungume. Amma a ce a ɗaure damin ƙaya mai rassa ta ko'ina: kome ƙarfin mai ɗauri sai an bar kafofi, dami ya yi girma ba nauyi, in an taka ya lotsa. Haka zaren roba yake.

Robar etilen ta farko da ta dace da aikin masana'anta a Ingila aka same ta, a 1933, a kamfanin ICI, lokacin da wasu ma'aikata biyu, Fawcett da Gibson, suka matse iskar da ƙarfi mai tsanani, suka tarar da wani farin abu kamar kakin zuma a cikin tukunyar gwajinsu. Zaren da ake samu ta wannan hanya mai rassa ne, damin ƙaya ke nan. Ba ya jeruwa sosai, shi ya sa robarsa take da laushi, tana miƙewa in an ja ta, kuma tana narkewa a wajen digiri 110. Ita ce ledar ruwan sanyi da ledar da ake ƙulla zoɓo da ƙanƙara. Bayan shekara 20, a 1953, wani Bajamushen, Karl Ziegler, ya gano sinadarin da ke sa zaren ya fito a miƙe, kusan ba reshe. Damin rake ke nan. Wannan robar ta fi tauri, ta fi nauyi kaɗan, sai wajen digiri 130 take narkewa. Ita ce jarkar man girkin nan da ƴan garuwa suka mayar da ita jari. Iska ɗaya aka yi su da ita, babu abin da aka ƙara wa ɗaya aka hana ɗaya, rassa kawai suka raba su.

A nan ne ma za a gane wata kalma da ke cikin dokar ƙasarmu. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana yi da shigowa da sayarwa da amfani da leda mai laushi "marar nauyi". Rashin nauyin da ake nufi shi ne wancan na damin ƙaya, wato zaren da bai matsu ba. Ko dokar ta yi aiki ko ba ta yi ba, wanda ya dubi itatuwan bakin kasuwa da kwatocin gari zai ba kansa amsa.

Sai dai jeruwar zaren ba irin ta rake ba ce sak, domin zaren ya yi tsawo ƙwarai. Wani masani a jami'ar Bristol ta Ingila, Andrew Keller, ya nuna a 1957 cewa zaren ninke kansa yake yi, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar yadda ake ninke turmin atamfa. Kowane ninki siriri ne ainun, sai an ɗora dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda. Tsakanin ninki da ninki kuma akwai inda zaren ya cukurkuɗe kamar taliyar da aka dafa. A robar jarka, ninki yakan kai kashi 60 zuwa 80 cikin 100, a ledar ruwan sanyi kuwa bai cika wuce rabi ba. Ninkin shi ke ba da tauri da jure zafi, cukurkuɗen shi ke ba da lanƙwasa da shanye bugu. Ninkin nan ne kuma ke sa robar da ba a sa wa launi ba ta yi fari-fari kamar madara, don yana warwatsa haske. In ta narke sai ta koma garau, kamar dai man shanu: a wuta ana ganin gindin tukunya, in ya daskare ba a gani.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai saye shi ne wannan. Zare mai tsawo ba ya ƙarewa a ninki guda. Yakan fita daga wannan, ya ratsa cukurkuɗe, ya shiga wancan, wani lokaci har ya kai na uku. Waɗannan zaruruwa da ke ƙetarawa su ne maɗaurin robar. In baho ya faɗi, su ke riƙe ninki da ninki kada su rabu. In zaren gajere ne, maɗauri ya yi kaɗan, robar za ta yi tauri a hannu, ta yi sheƙi a ido, amma bugu ɗaya ya ishe ta. Ke nan tauri daban, ƙarfi daban. Uwargidan da ke ƙwanƙwasa baho da yatsa tana sauraron ƙararsa, taurinsa kawai take ji.

To me zai sa a yi baho da gajeren zare? Lissafin kasuwa ne. Baho da bokiti da kujera, narkakkiyar roba ake turawa da ƙarfi cikin ƙirar ƙarfe ta wata ƴar kafa. Mai dogon zare kauri gare ta, kamar tuwon da ya yi tauri, da ƙyar take shiga. Mai gajeren zare kuwa kamar kunu take, nan da nan ta cika ƙirar, a fitar da kaya da yawa cikin awa guda, kuma a iya yin su sirara. Jarka ba haka ake yin ta ba, hura ta ake yi da iska kamar balan-balan, kuma wannan aiki ba ya yiwuwa sai da roba mai dogon zare, in ba haka ba sai ta tsiyaye kafin a hura. Dole ce ta sa jarka ta yi ƙarko. A juya baho a dubi tsakiyar gindinsa, za a ga wata ƴar cibiya, nan ne robar ta shiga. A nan zaren ya fi takura, kuma daga nan tsagewa ta fi farawa. In cibiyar ta yi fari ko an ga ƴan layuka sun fita daga gare ta kamar ƙafar gizo, kada a saro.

Abu na biyu da ke gajarta zare shi ne maimaita narkarwa. Kowa ya san masu yawo suna sayen fasassun robobi, ko su musanya su da sababbi, a tara a kai inda ake niƙa su a sake narkarwa. Sana'a ce mai kyau, tana rage shara tana ciyar da gidaje, ba na kushe ta. Amma gaskiyar magana ita ce, duk shigar da roba za ta yi wuta sai wasu zaruruwa sun tsinke. Robar da ta sha rana shekara uku kafin ta fashe, ta zo da rauninta tun kafin a niƙa ta. Sa'an nan in aka haɗa iri biyu wuri guda, kowanne ninkinsa daban yake yi, ba sa kama juna da kyau, sai a bar wuraren da ba maɗauri. Launi mai duhu ko mai dauɗa-dauɗa, da ɗigo-ɗigon wasu launuka, da wari kamar na ƙonanniyar leda, duk alamun haka ne. Irin wannan roba ta isa zuba shara ko ba dabbobi dusa. Laifin shi ne a sayar da ita da kuɗin sabuwa, ko a zuba mata abincin sayarwa mai zafi.

Na uku shi ne ciko. Ana zuba garin farin dutse, dangin alli, a cikin roba don ya fi ta araha nesa ba kusa ba. Kaɗan ba ya cutarwa, yana ma ƙara tauri. In ya yi yawa sai ya raba zare da zare, kayan su yi nauyi a hannu, mai saye ya ɗauka inganci ne. Ga gwajin da ba ya cin ko dala. Robar jarka da ta leda da ta yawancin baho duk ba su kai ruwa nauyi ba, in tsantsarsu ce sai su taso. Garin dutse kuwa ya ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu da rabi, in ya kai kamar kashi 20 cikin 100 sai robar ta nutse. A ɓallo guntu daga wanda ya riga ya fashe, a danna shi ƙasan kofin ruwa don kumfa ta rabu da shi, a saki. In ya kwanta a ƙasa, an san abin da aka biya wa kuɗin mota tun daga Kano. A kula dai, robar kwalbar lemo da ta bututun ruwa su dama nutsewa suke yi, gwajin bai shafe su ba.

Akwai wata robar da ta cika kasuwa fiye da yadda muke zato, wadda ake rubuta wa PP. Ita ce buhun saƙa, da igiyar roba, da kujeru, da baho da bokitai masu yawa. Zarenta yana da wani ɗan ƙullutu a kowace gaɓa. In ƙullutan sun fito barkatai, wannan dama wancan hagu, zaren ba ya ninkuwa ko kaɗan, abin da ake samu wani danƙo ne mai manne hannu. Giulio Natta na Italiya ne ya yi nasara a 1954 ya sa su duka suka fuskanci gefe guda kamar haƙoran matsefi, sai ga roba mai tauri da ba ta narkewa sai ta wuce digiri 160. Shi da Ziegler suka raba kyautar Nobel ta 1963. Wannan ita ta fi dacewa da koko da kunu da ruwan zafi, kuma ita ce murfin nan mai haɗe da jikinsa da ake buɗewa a rufe kullum ba ya karyewa.

Tana da rauni biyu. Ba ta son sanyi: in ta kusa sanyin ƙanƙara sai cukurkuɗenta ya sandare, ta koma kamar gilashi. Masu sayar da ƙanƙara da nono mai sanyi sun sha ganin mazubi ya fito daga firiza ya faɗi ya tarwatse, alhali ledar da ke ciki ko gezau. Rauni na biyu ya fi damun mu a nan, shi ne rana. Hasken rana yana tsinka zaren roba a hankali, kuma daidai wurin ƙullutun nan ya fi saurin cin ta. Inda abin ya fi muni, ba ninkin yake fara ci ba, cukurkuɗen yake bi, wato maɗaurin. Shi ya sa buhun da aka bari a fili ƴan watanni yake zama gari in an taɓa, kujera kuma launinta ya koɗe, jikinta ya yi fari kamar an barbaɗa alli, wata rana baƙo ya zauna ƙafa ta ɓalle. Masana'anta na iya sa maganin rana a ciki, amma kuɗi ne, kuma mai saye ba ya ganin sa. Wanda ido ke gani shi ne baƙin gari irin na hayaƙi, kamar kashi 2 cikin 100 ya isa ya tare hasken, dalilin da ya sa tankunan ruwa da tiyon lambu suke baƙaƙe ke nan.

A nan dole in taɓa ƴan uwana masu kasa kaya. Mun saba jera baho da bokiti a bakin hanya tun safe har la'asar, a ranar Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, don mai wucewa ya gani. Na saman tari shi ke shan ranar kullum, wata da watanni, kuma shi ake fara miƙa wa mai saye. Ba kowane fashewa ne laifin Kano ba. Rumfar zana ko tsohon zane a kai, da juya kayan lokaci-lokaci, sun fi rantsuwa amfani.

Buhun saƙa yana da wani sirrin. Bayan an yi robar shimfiɗa an yanka ta siri-siri, sai a ja kowane zirin da zafi har ya ninka tsawonsa sau 5 zuwa 7. Jan nan yana sa zaruruwan ciki su miƙe su fuskanci hanya guda. Shi ya sa ɗan zirin buhu ba ya tsinkuwa a hannu in an ja shi ta tsawo, amma da farce ana tsaga shi gida biyu. Buhu na ɗaukar kilo 100 na gero, ƙugiyar ɗan dako guda kuma ta ɓarke shi. Kwalbar ruwa da ta lemo, mai alamar PET, ita ma miƙe ta aka yi lokacin hurawa, aka sanyaya ta tana a miƙe. Da zafi ya wuce kamar digiri 70 sai zaren ya sami sakewa ya koma yadda yake so, kwalba ta yamutse. Mai ɗura kunun zaƙi ko man gyaɗa ta bari ya huce tukuna.

Masu ajiyar wake su ma wannan magana tasu ce. Buhun nan mai uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, an yi shi da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ledojin ciki na robar nan ce mai miƙaƙƙen zare, irin ta jarka, kuma da gangan aka zaɓe ta: iska ba ta iya ratsa ninki, sai ta lallaɓa ta cikin cukurkuɗe, don haka robar da ninkinta ya fi yawa ita ta fi tare iska. Ƙwarin da ke cikin waken su shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Buhun waje kuma shi ke ɗaukar nauyi da ja. Wanda ledarsa ta huje ya musanya ta da kowace irin leda mai laushi da ya samu a kasuwa, kada ya yi mamaki in ya buɗe bayan wata biyar ya tarar da gari.

Tun 1988 masu masana'antun roba a Amurka suka fito da lambobin da ake bugawa a gindin kaya, cikin wata ƴar alama mai kusurwa uku, duniya kuma ta ɗauka. Lamba 1 ita ce kwalbar lemo. Lamba 2 robar jarka, wani lokaci a rubuta HDPE, kayan da suka fito daga ƙasashen Faransanci kuma PEHD. Lamba 4 leda mai laushi, lamba 5 kuwa PP. Lamba 6 ita ce ta cokali da kofin nan masu ƙara da ake amfani da su sau ɗaya, zarenta ba ya ninkuwa sam, kuma da an matsa sai ta fashe. Lambar tana faɗin irin robar ne kawai, ba ta faɗin tsawon zare ko yawan ciko, kuma da yawa daga cikin kayan araha ba su da ita ma. Duk da haka, mai koko da ta nemi lamba 5, da mai ƙanƙara da ta nemi lamba 2, sun riga sun rage rabin asararsu.

Sauran rabin a wajen sari yake. A ce baho biyu ne, ɗaya jika biyu ɗaya jika uku, na farko ya yi wata huɗu na biyu ya yi shekara biyu: matar da ta bi araha sai ta sayi shida kafin maƙwabciyarta ta sake ɗaya, ta kashe jika 12 a inda waccan ta kashe uku. Mai zuwa Kano sari ya ɗauki guda daga cikin dozin, ya kama bakinsa ya lanƙwasa a hankali. Roba mai isasshen maɗauri za ta ba da kai ta dawo, in an matsa mata ƙwarai ta yi farin layi amma ba ta rabu ba. Wadda ta yi ƙara tun a lanƙwasar farko, ko ta bar farin gari a tafin hannu, a ajiye ta a tambayi dillali ko akwai mai daraja ta gaba, domin sau da yawa ƙira ɗaya ce ake zuba wa roba iri biyu, farashi ne kawai ya bambanta.